Fuskar da ke Ƙarƙashin Kallabi

Duk wanda ya saba bin hanyar kasuwar Gummi ya san rumfar Namadi mai zane, ko da bai san sunan mai ita ba. Rumfa ce ta kwano, ƙofarta na kallon titi, ƙasanta ya sha ɗigon fenti har ba a gane asalin launin simintin. A nan ake rubuta allon shago da lambar babur da bajen makaranta, da addu'o'in da direbobi ke so a bayan mota. Amma abin da ke sa baƙo ya rage tafiya shi ne bangon ciki, inda aka jera allunan falanki, kowanne ɗauke da mutum guda cikin shigar ban dariya. Ga wani attajiri da tumbin tsumma, rawaninsa ya karkace. Ga likita ya runtse ido yana tsoron allurar da ke hannunsa. Can ƙarshe kuma ga wata tsohuwa da faifan daddawa a ka, ta kama kunne ɗaya kamar ba ta ji abin da aka ce mata ba.

Namadi ɗan baduku ne. A gindin mahaifinsa ya fara sanin launi, yana dama ja da ɗorawa na rinin fata, amma hannunsa bai zauna ga basilla ba. Yana saurayi ya bi motar katako zuwa Gusau, ya zauna wurin masu yi wa manyan motoci ado, ya koyi zana zaki da ɗawisu da shaho a jikin bodi. Masu gidansa sun so ya zauna can. Sai dai shi mutum ne da tuwon wani gari ba ya zauna masa a ciki, saboda haka ya tattaro burushinsa ya dawo gida, ya kafa rumfa, ya yi aure, ya shiga rubuta wa mutane abin da suke so a gani a ƙofar shagunansu.

A wancan zamani samarin gari na da ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ba su da ɗakin wasa. Filin firamare suke ara a kwanakin salla, su jera gangunan mai su shimfiɗa katako a kai, su ɗaura zannuwan gado su zama labule, a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba. Mata kallo kawai suke zuwa, don haka in wasa ya buƙaci mace, namiji ne ke ɗaura zane. Sau ɗaya Namadi ya hau wannan dandamali. Magana guda aka ba shi ya faɗa, ta maƙale masa a wuya, bai sake hawa ba. Aikinsa ya koma zana 'yan wasan a kan falanki, kowa cikin shigarsa, a ɗora allunan a kura a zaga da su kasuwa don a san za a yi wasa.

Yana da ƙa'ida guda a aikinsa: ba ya zaunar da mutum ya zana shi. Yakan ce duk wanda aka ce ya zauna a zana shi, fuskar zuwa biki yake ɗaukowa ya bar tasa a gida. Sai ya raɓe a gefen labule ana cikin wasa, ya yi ta kallo ta gefe, bai riƙe ko fensir ba. Washegari da hantsi ya zauna ya sauke abin da idonsa ya ɗauko.

Cikin 'yan wasan babu wanda ya kai Almustapha, wanda kowa ke kira Almu. Mai ɗinkin hula ne, rumfarsa na kallon ta Namadi. A cikin gari, in ba an nuna maka shi ba, ba ka sanin yana wurin, kullum kansa sunkuye a kan hula, gaisuwarsa ma ƙasa-ƙasa. Amma da zarar ya ɗaura zane ya naɗa kallabi, ya ja layin tsufa da gawayi, ya cusa auduga a kunci ɗaya, ya lanƙwashe leɓɓansa a kan haƙora, sai ya zama Gwaggo Atine mai daddawa, wadda kunnenta ke toshewa duk lokacin da aka nemi gyara.

"Gwaggo, a yi mani gyara."

"Gyaɗa? Ban saida gyaɗa, ɗan nan. Tahi gaba."

Mata har zama suke yi a ƙasa don dariya. Namadi ya zana Gwaggo Atine sau biyu, domin wata rana Almu, wanda bai saba roƙon kowa komi ba, ya tsallako titi ya tsaya bakin rumfa yana murza zare a yatsa, ya ce in da hali yana son ɗaya ya kai gida.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da Almu, bai tashi ba. Ya bar matarsa Rashida da goyon 'ya mace. Da ta gama takaba danginta suka zo suka tafi da ita Nasarawa Burkullu, daga baya aka ji ta sake aure can. Ƙungiyar ma ba ta daɗe ba bayansa. Zamani ya juya, aka daina son ganin namiji da zane ko da wasa ne, wasu dattawa kuma suka zo suka yi wa Namadi nasiha a kan zanen fuskar ɗan Adam. Ya saurare su da ladabi, ya daina zana mutane, ya kwashe allunan daga ƙofa ya mai da su bangon ciki. Jefar da su ne ya kasa. Daga baya hanyoyi suka lalace da tsoro, taro ya ragu, dariyar ma ta koma cikin waya. Namadi ya ci gaba da rubuta haruffa har furfura ta cinye gemunsa, yanar ido ta fara rufe masa idon hagu, na dama ma ya soma ganin abu kamar ta bayan hayaƙi. Haruffan dai hannunsa ya haddace su, ko ido rufe zai ja su.

Wata safiya yana dama shuɗi, Tasi'u na zaune kan benci yana ɓare goro. Tasi'u shi ne attajirin nan mai tumbin tsumma na jikin allo, yanzu kuwa tumbin ya zama na gaske, yana sayar da taki a bakin kasuwa. Sai ga wata matashiya da hijabi ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe su. Ta ce allo take so ƙarami, a rubuta ana sayar da ƙanƙara, za ta rataya a ƙofar gida. Tana cikin bayani idonta ya faɗa bangon ciki. Ta ƙura masa ido.

"Baba," ta ce, "ina kunka samu hoton kakata?"

Namadi ya waiwaya ya dubi bangon. "Wace kakar taki?"

"Waccan mai faifai. Irinshi sak yana ɗakin Innata."

Tasi'u ya fashe da dariya har goro ya sarƙe shi. "Kakarki? Wagga? Yarinya, wagga tsohuwa ai da mu take bin sahu a masallaci! Almu ne, mai ɗinkin hula, Allah ya jiƙan shi. Namiji ne ƙato."

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta dubi Tasi'u, ta dubi allon, ta dafa ginshiƙin rumfa. Namadi ya ajiye gwangwanin fenti a hankali.

"Ɗiyar wa ce ke?"

"Sunana Munira. Innata Rashida. Ubana sunanshi Almustapha, ya rasu ina goye."

Tasi'u ya haɗiye sauran dariyarsa, ya shiga salati ƙasa-ƙasa. Namadi ya jawo kujera ya ce ta zauna. Ta zauna ta ba su labari. A Nasarawa Burkullu ta tashi, gidan mijin uwarta. Tun tana ƙarama take ganin allon nan jingine a bayan jeren kwanuka a ƙuryar ɗaki. Ta taɓa tambaya, uwar ta ce mata, "Tsohuwar gidanku ce," ba ta ƙara ko kalma ba. Tun daga nan Munira ta ɗauka uwar ubanta ce. In an yi mata faɗa, gaban allon take zuwa ta kai ƙara. Yanzu mijin uwar ya rasu, zaman ƙauyen ya gagara, ita kuma aure ya kawo ta Gummi, sai ta ɗauko uwar suka zauna tare. Kaya da yawa sun bari a can, amma allon a cinya Inna ta riƙo shi a kan babur.

Namadi ya jinjina kai. Ya gane yadda abin ya kasance ba sai an faɗa masa ba. Rashida mace ce irin ta da, ba ta kama sunan miji ko bayan ransa, Munira kuma 'yar fari ce, wadda uwa ba ta kiran sunanta, ba ta zama hira da ita. Kunya biyu ta haɗu a kan magana ɗaya. Ban da haka, a gidan wani mijin, hoton tsohuwa mai tallar daddawa ne kaɗai hoton marigayi da mace za ta ajiye ba wanda ya ɗaga ido.

"Babu wani hoton nashi?" Munira ta tambaya.

"Almu da mai hoto?" in ji Tasi'u. "In ya hango shi, bayan rumfa yake zagayawa."

Ta tashi ta je gaban allon ta tsaya, ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi sallama ta tafi.

Ba a yi mako ba ta dawo. Ta gaishe shi, tana wasa da bakin hijabi ta ce, "Baba, roƙo na zo yi. Ku cire mashi kallabin. Ina son in ga ubana."

Namadi ya so ya ce mata ya daina zana mutane tun ba ta yi wayo ba. Ya so ya ce mata idon da ya yi wancan aiki ba shi ne a kansa yanzu ba. Ya dubi yadda ta sunkuyar da kai tana jira, ya ji bakinsa ya ce, "To, ɗiyata. Allah ya ba mu iko."

Ya sayo sabon falanki, ya goge shi da sanfefa, ya shafe shi da fari ya shanya. Ya sauko da Gwaggo Atine daga bango ya jingine ta a rana. A ganinsa aikin ba zai yi wuya ba: a cire kallabi a sa hula, a share layin gawayi, a fitar da auduga daga kunci, a buɗe idon da aka kanne, a saki leɓɓa. Goshi ya zo, hanci ya zo. Da ya iso baki sai burushi ya tsaya. Ya rufe ido ya nemi Almu a ransa, Almun da suka yi shekaru suna kallon juna ta tsallaken titi, suka ci tuwo a kwano ɗaya. Abin da ya zo masa shi ne tsakiyar hula, da yatsu masu jan zare, da wata murya mai cewa "lahiya lau" ba tare da an ɗago ba. Fuskar da ya sani da gaske, wadda ya ƙura wa ido ta gefen labule, ta tsohuwa ce. Ya daɗe zaune da burushi a hannu, fenti na bushewa a bakinsa.

Duk da haka ya ƙarasa, ya yi baki irin wanda ya dace da hancin. Ya nuna wa Tasi'u.

Tasi'u ya matsa baya, ya karkata kai. "Wanga wace mazaɓa yake nema? Kansila ne?"

"Ka duba da kyau."

"Na duba. In ka rubuta 'ku zaɓe ni' a ƙasa, wallahi yana iya ci."

Namadi ya shafe bakin ya sake. Wannan karon Tasi'u ya ce ya yi kama da mai karɓar haraji a ƙofar kasuwa. Sai kuma ya ce a hankali, "Ka san mi, Namadi? Ni ma ban iya tuna shi. In na ce bari in tuno, Gwaggo ke zuwa."

Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san fuskar. Namadi ya aika aka gaya wa Abdussalam, mijin Munira, cewa yana son ya zo ya gaida Rashida. Bayan la'asar Abdussalam ya zo da babur ya ɗauke shi, allon naɗe cikin buhu a tsakaninsu. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, gindin bishiyar darbejiya. Munira ta kawo ruwa da fura. Rashida ta fito ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta ba shi gefe. Ta tsufa ita ma, ta rame, amma zamanta na nan yadda ya san shi, a miƙe.

"Sannu da zuwa, Malam Namadi. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Mun same ku lahiya? Ya baƙunta?"

"Baƙunta ta ƙare, gida munka dawo. Ya iyali? Ya ido? An ce yana damunku."

"Da godiya. Ya ƙarin haƙuri kuma?"

"Haƙuri sai ma'aiki."

Da gaisuwa ta lafa ya kwance buhun ya jingine allon a jikin turmi. Munira ta matso da sauri, ta duba allon, ta duba uwarta. Rashida ta ɗan waiwayo, kallo ɗaya ta yi.

"Wanga baƙo ne," ta ce.

"Na sani. Shi ya kawo ni. Ina ne bai yi ba?"

"Ni mi zan ce? Ku ne masu aikin."

"Goshin fa?"

"Nashi ne."

"Hancin?"

"Nashi ne."

"Ido?"

"Ɗaya nashi ne. Ɗayan na aro ne."

"To bakin?"

Ta juyar da kai ta shiga tsintar zare a jikin zanenta. Namadi ya jira, ba ta ce komi ba. Ya san ba taurin kai ba ne. Ta yaya mace irinta za ta zauna gaban abokin miji da 'yar fari ta siffanta bakin mijinta? Ya ga Munira ta sunkuyar da kai, kafaɗunta sun sauka. Don kada shirun ya yi nauyi, sai ya shiga ba ta labarin filin firamare, da gangunan mai, da ranar da katako ya karye da Tasi'u ya faɗa ciki da tumbinsa. Ya zo kan Gwaggo Atine. Ya kama kunne ɗaya, ya siranta murya iyakar iyawarsa.

"Sai a ce mata, 'Gwaggo, gyara.' Sai ta ce, 'Gyaɗa? Ba ni sayar da gyaɗa.'"

"Ba haka yake yi ba."

Daga bakin ƙofa maganar ta fito. Rashida ba ta juyo ba. Ta ɗan duƙar da baya, ta kai hannu ga kunne, ta lanƙwashe leɓɓanta, sai ga wata murya mai rawa, mai tsami, ta cika tsakar gidan.

"Gyaɗa? Ban saida gyaɗa, ɗan nan. Gyambo? Allah ya sawwaƙe, je ka asibiti. Tahi gaba, kana tsare mani iska."

Namadi ya ɗago kai. Shekara ashirin da wani abu bai ji wannan muryar ba. Munira kuwa, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa jin uwarta ta yi wasa ba, ta saki baki tana kallo. Sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ƙoƙarin rufe baki da hijabi ta kasa, ta zauna daɓas a kan tabarma tana dariya, hawaye na zuba.

"A ɗakina yake gwadawa," in ji Rashida da muryarta ta kullum, tana magana da Namadi kamar su biyu ne a gidan. "Zanena yake ɗauka, kallabin ma nawa ne. Ku hwaɗa ma wagga ban yi mata ƙarya ba. Uwarshi yake kwaikwayo, har kamun kunnen. Wanda ya san tsohuwar, in ya ga allon nan ya gan ta."

"Ita ta sani?"

"Ta sani mana. Gaba take zama in ana wasa. In an tashi ta ce Allah ya shirye shi, ta ba shi ƙosai."

Munira ta sake fashewa. A nan ne Rashida ta ɗan karkato, ta nuna 'yar da haɓa, da sauri kamar mai tsoron a kama ta.

"Ga bakin can. In ya wanke gawayi ya shigo ɗaki yana ba ni labarin wanda ya hi kowa dariya, haka yake."

Namadi bai ce Munira ta tsaya ba, bai ce ta juyo ba. Ya ɗan gusa ya ba ta gefen idonsa na dama, mai sauran gani, ya bar ta tana dariyarta. Gefen hagu na leɓen ke fara ɗagawa kafin na dama. Akwai 'yar wushirya a sama. Kunci ɗaya na lotsawa, idon wannan gefen kuma na ƙanƙancewa fiye da ɗayan. Ashe kannewar idon Gwaggo Atine ba duka ce ta wasa ba. Ya kwashe duk wannan ya adana, ya sha furarsa, ya naɗe allonsa, Abdussalam ya mai da shi gida.

Washegari da hantsi ya fito da benci tsakiyar rana, inda haske ya fi ƙarfi. Ya shafe rabin fuskar da fari. Ya ce wa Tasi'u in ya buɗe baki zai zana shi da jela. Ya yi aikin hancinsa na kusan taɓa falanki, yana matsawa baya yana dawowa, idon na ruwa yana sharewa da hannun riga. Masu son lambar babur suka zo ya ce su dawo jibi. Kwanaki ya ɗauka, don fentin mota ba ya son gaggawa, sai shafi ɗaya ya bushe ake ɗora wani. Bai sa wa Almu babbar riga ba. Ya sa masa 'yar shara mai ruwan ƙasa irin wadda yake zama da ita a rumfa, da hular da ya ɗinka wa kansa, ya bar ɗan baƙin gawayi a gefen kunne, inda wanki ba ya kaiwa. Da ya gama bai nuna wa Tasi'u ba. Shi kansa bai san ko ya yi ba, don abin da yake gani yanzu rabi ido ne rabi zato.

Ran da ya kai, ya tarar da Rashida a tsakar gida ta miƙe ƙafafu tana tsintar wake a faifai, goro a bakinta. Ta saba da shi yanzu, har tana tsokanarsa.

"Malam Namadi, yau kuma wane baƙon kunka kawo muna? A dafa da shi?"

"Ku dai duba. In baƙo ne in koma da shi."

Munira ta fito daga madafa tana goge hannu. Namadi ya kwance buhun, ya jingine allon a jikin bango inda rana ba ta haska shi da yawa, ya koma gefe.

Rashida ta ɗago tana shirin ƙara wata maganar. Sai idonta ya faɗa kan allon. Hannunta ya tsaya cikin wake. A hankali ta naɗe ƙafafunta ta mai da su ƙarƙashin zane, ta juya ta fitar da goron daga bakinta ta ɓoye a tafin hannu, ta jawo mayafi har bisa gira, ta sunkuyar da kai. Ta ɗan zauna a haka. Sannan ta tashi, ta bar faifan a ƙasa kaji na nufo shi, ta shige ɗaki ta saki labule.

Munira ta dubi labulen, ta dubi Namadi a tsorace. "Baba, bai yi ba?"

Namadi ya nuna mata allon. "Ya yi, ɗiyata. Je ki ki gan shi."

Ta je ta durƙusa gaban allon. Mutumin da ke ciki ya ɗago kai, abin da bai cika yi ba yana raye, yana dariya da gefen baki kamar yanzu ya shigo da labari. Ta kai yatsa kusa da wushiryar ba ta taɓa ba, ta mai da yatsan ga nata bakin.

"Ashe yaro ne," ta ce. "Ban girme shi ba kuwa?"

"Kin kusa."

Sai murya ta fito daga bayan labule, a dushe, amma kowace kalma ta fita.

"Malam Namadi."

"Na'am."

"Allah ya saka da alheri. Allah ya ba idon lahiya."

"Amin, amin."

"Ku ce ma wagga ta kai shi ɗakinta. Ni a bar mani tsohuwar, da ita na saba. Wanga in yana kallona ko tuwo ban iya ci."

Munira ta yi dariya da hawaye a fuska. Ta ɗauki allon da hannu biyu, ta rungume shi a ƙirji, fuskar na ciki don kada ya kalli ƙofar uwarta, ta wuce da shi ɗakinta a hankali. Namadi ya duƙa ya kori kajin, ya ɗauke faifan waken ya ɗora a kan turmi.